Tambaya: in ni da bakina na ce ni gurgu ne, wa ke da hurumin gyara min?

Gurgun_Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, kuma don Allah wanda zai amsa ya amsa min da gaskiya ba da tausayi ba, tausayi kam na ƙoshi da shi tun ina yaro.

Ni shan inna ce ta kama ni ina ƙarami a can gida, ƙafafuna biyu duk sun shanye, da keke nake yawo, mai taya uku ɗin nan da ake juyawa da hannu. Gyaran waya nake a Agege kusa da layin dogo, alhamdulillahi ba na bara, ina da mata da yara. Kwanakin baya wata ƙungiya ta gayyace mu taro a wani otal a Ikeja wai na wayar da kai kan haƙƙinmu, muka je, ashe ɗakin taron a bene na biyu yake kuma lifta ta lalace, sai masu gadi biyu ne suka ciccibe ni kamar buhun shinkafa suka hau da ni, kekena aka bar shi a ƙasa gefen janareta. To na haɗiye wannan. Da aka zo wajen tambayoyi na karɓi makirfo nace "mu guragun Legas", ban ma ƙarasa ba wata cikin masu shirya taron, 'yar Arewa ce da Hausarta tsaf, ƙafafunta lafiya lau har da takalmi mai tsini, ta katse ni tana murmushi wai Malam ai yanzu an daina cewa gurgu, masu buƙata ta musamman ake cewa. Wlh ji nayi kaina ya ɗau zafi. Nace mata Hajiya buƙatata ta musamman ita ce da an yi taron nan a ƙasa. Aka yi tsit, wasu suka tafa, amma da aka tashi wani dattijo makaho ya sa aka kawo shi inda nake yace yaro ka cika zafi, mutanen nan taimakonmu suke, kar ka ja su daina kiranmu. Tun ranar abin ke cina.

Ni abin da na sani, tun ina ɗan mitsitsi da sunan nan yara ke jifana, gurgu gurgu, har waƙa ake min a hanyar makarantar allo. Na yi kuka a kansa, na yi dambe a kansa ina zaune a ƙasa, da na girma na zo Legas na kama sana'a sai na ɗauke shi na rubuta a allon shagona da jan fenti, kowa a layinmu ya san shagon Gurgu, in wayarka ta faɗa kwata ce maka za a yi kai wa Gurgu. Sunan da na sha wuya a kansa har ya zama nawa, sai wadda ba ta taɓa jan jiki a taɓon Mile 12 da damina ba ta zo tace in ajiye shi in ɗauki wani dogo mai kalma huɗu da aka kwaso daga Turanci?

Abu na biyu kuma na san a nan za a yi min caa. Akwai wani ɗan daudu mai abinci a layinmu, wajensa nake cin tuwo, na ba shi labarin sai ya tafa hannu ya sheƙe da dariya yace ai shi ma haka, yara na binsa suna ɗan daudu ɗan daudu sai ya juyo yace eh ni ne, na nawa za a zuba? Yace daga ranar da ya fara amsawa suka gaji. Kuma na gani a intanet cewa a ƙasashen Turawa nakasassu da masu sauya jinsi duk suna irin haka, su ɗauki kalmar da ake zaginsu da ita su riƙa kiran kansu da ita da gadara. Shin ni na yi laifi da na fusata, kuma wa ke da ikon yanke sunan da za a kira mu, mu ko masu taron? Sannan abin da nake yi da na mai tuwon nan abu ɗaya ne ko kuwa?

Maman_Idi_Araba:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa sannu, wallahi na ji zafin ɗaukar da aka maka a bene, wannan ba taro ba ne wulaƙanci ne da shinkafa da lemo. Amma ban bi ka duka ba.

'Yata kurma ce, shekararta 9, sanƙarau ne ya tafi da jinta tana 'yar shekara 3, yanzu tana makarantar kurame a Surulere. Kai babba ne kana da shago kana da iyali, in kace gurgu kai ka zaɓa kuma kana da bakin ramawa. Ita fa? Gidan hayar da muke ɗaki-ɗaki ne ƙofa na kallon ƙofa, matan gidan ba mai kiranta da sunanta na yanka, ina bebiyar nan, a ce wa bebiya ta miƙo min bokiti, har ƙaninta ya fara sai da na ci masa. Ba ta jin kalmar amma ta san yadda leɓe ke haɗuwa sau biyu in an faɗe ta, tana hango bakin mutum daga nesa sai kaga fuskarta ta canza ta shige ɗaki. Ga yaran layi da ke sa ganye a baki a gabanta don su nuna mata wai ita dabba ce, ranar da na kama wani yana yi sai da aka riƙe ni. Kuma ita ba bebiya ba ce sam, magana take da hannu da saurin da ni ban iya yi da baki ba, in suka haɗu da ƙawayenta a bas ɗin makaranta gulma suke ta kowa ba wanda ya sani.

Abin da ya ba ni mamaki, su kuramen manya da na sani ba sa jin haushin kurma, da ita suke kiran kansu da ƙungiyoyinsu, bebe ce ba sa so. Sannan a junansu kowa da sunansa na hannu, kuma yawanci daga jikinka ake ɗauko shi, tabo ko zane ko yadda kake tafiya, tawa tana da wushirya to sunanta shi ne a ɗora yatsa a haƙoran gaba, tana son sunan nan fiye da wanda babanta ya yanka mata rago. Amma kurame ne suka raɗa mata, da matan gidanmu ne suka raɗa da ya zama tsokana. Ko da muka je gida Kano da sallah kuramen can maganar hannunsu daban ce da ta makarantarta, tasu ta gargajiya ce ta Hausa, ta makarantar nan kuwa asalinta daga ta Amurka ne, amma cikin kwana kaɗan suka fahimci juna suka karɓe ta da sunanta.

Tsorona da allon shagonka shi ne mai ƙafa zai karanta ya ɗauka an ba shi lasisi, gobe ya je ya faɗa wa yaro ɗan shekara 7 da bai kai inda ka kai ba. Kai ka warke, ba kowa ne ya warke ba.

Aboki_Obalende:

hhhh wlh Gurgu ka burgeni, da ina wajen nima sai na tafa. ni abinda zance shine mu duk nan Legas ai sunanmu daya aboki, ko kai Babarbare ne ko Bazabarme daga Nijar ko Kirista daga Jos, kalmarmu ce mai kyau amma in kwandastan danfo ya tabe baki yace aboki kasan jahili kazami yake nufi, amma in dan gida yace min abokina dadi nakeji har raina. yaranmu ma wasu riga suke bugawa da ABOKI a kirji suna yawo da ita a Obalende ba abinda ya damesu. to kaga bakin ne ba kalmar ba

amma maganar dan daudu kam ka cireta daga ciki dan Allah, kai Allah ne ya jarrabeka shi kuma shi ya zabi abinsa, karka hada kanka dasu ka bata maganarka mai kyau

Ɗalibin_Mile12:

Bismillah. Ɗan'uwa mai tambaya Allah ya ƙara buɗi. Ni ba mufti ba ne ɗalibi ne, amma wannan mas'ala malamai sun daɗe da taɓa ta.

A Suratul Hujurat aya ta 11 an hana mu jifan juna da laƙabi, wato sunan da mai shi yake ƙi. To amma duk wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi ya ji ana cewa daga A'araj daga Abu Huraira, ko daga A'amash. A'araj fa ma'anarsa mai ɗingishi, sunansa Abdurrahman ɗan Hurmuz, A'amash kuma Sulaiman ɗan Mihran ne na Kufa, mai raunin ido. Sama da shekara 1000 ana karanta su da waɗannan sunaye a Bukhari da Muslim ba wanda yace an zage su, har Imam Bukhari ya ware babi guda a kan abin da ya halatta na ambaton mutane da siffarsu irin dogo da gajere. Abin da malamai suka ce, in don a gane mutum ne ba don a ƙasƙanta shi ba kuma shi bai ƙi ba, babu laifi. Ga Suratu Abasa, kai tsaye aka ce makaho ya zo masa, ba a zagaya ba, Abdullahi ɗan Ummu Maktum kenan, kuma saboda shi aka saukar da ayoyin, daga baya ya zama ladan tare da Bilal, Manzon Allah SAW yana barin sa ya ja mutanen Madina sallah in ya yi tafiya. Kalmar ba ta rage shi da komai ba tunda an ba shi matsayinsa. Don haka kai da kace gurgu ba ka yi laifi ba, matan gidan su Maman Idi-Araba kuwa suna ɗaukar zunubi duk ranar da suka kira yarinyar nan da abin da take ƙi.

Fushin kuma, gaskiya ne an yi mana wasiyya da kar mu yi fushi, amma a Suratun Nisa'i aya ta 148 an yi togiya ga wanda aka zalunta, yana da damar ɗaga murya ya faɗi abin da aka masa. Sai dai a tsaya kan abin da aka yi ɗin kar a zarce.

Batun ɗan daudu ba zan ɓoye abin da na karanta ba don a so ni, akwai hadisin Ibn Abbas a Bukhari da ya yi tsanani kan maza masu kamanceceniya da mata da mata masu kamanceceniya da maza, ni a kan haka nake. Amma akwai abin da masu wa'azin kan titi ba sa ƙarasawa, Imam Nawawi ya raba abin gida biyu, wanda halittarsa ce haka a murya da tafiya ba shi ya ƙirƙiro ba, yace wannan babu zargi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan. Sannan mata-maza wani babi ne daban a fiƙihu, har rabon gadonsa an tsara. Kuma ba inda aka ba ƙattin unguwa izinin dukan mutum ko kifar masa da tukunya, wannan zalunci ne ko a kan wa aka yi.

Mai_Tukunya:

Allah gafarta Malam na gode da kace kar a dake mu, ko wannan ba kowa ke iya furtawa a bainar jama'a ba. Ba ni ne mai tuwon Agege ba, ni a wani gefen nake kuma ba zan faɗi inda ba kun san dalili, amma tunda an sako mu a zance gara ku ji daga bakin mai shi.

Kai ɗan Obalende da kace mun zaɓa, ni dai ban tuna ranar da na zauna aka jera min na zaɓa ba. Tun ban san kaina ba haka maganata da tafiyata suke, Baba Allah ya jiƙansa ya karya sanduna a jikina, an kai ni wajen masu ruƙiyya an shaƙa min hayaƙi, an tura ni gabas karatu na dawo yadda na tafi sai dai da izu a kai. Wa zai zaɓi abin da zai sa mai gida ya karɓi kuɗin hayarsa na shekara sannan bayan wata biyu ya watso masa kaya waje don maƙwabta sun yi ƙorafi? Ba na neman ka yarda da ni, amma kalmar zaɓi ɗin nan ka riƙa taunawa kafin ka faɗa.

Sunan ɗan daudu ni ban taɓa gudunsa ba, tsohon suna ne ya girmi kakana, tsofaffinmu na cewa ta wajen bori ya biyo, kuma a da kowace tasha da kowace kasuwa a ƙasar Hausa akwai mu muna soya kaji muna tuƙa tuwo ba wanda ya ga abin mamaki. In muna aikin biki a junanmu ke da ke muke, ni ce ke ce, wadda ta koya min girki uwata nake ce mata duk da furfurar gemunta. In na shiga Mile 12 sayen kayan miya ni ne, Alhaji ma ake ce min don na sauke farali, ina da mata a gida da 'ya'ya sun san sana'ata da ita na yi musu makaranta. Bakina ya saba da ne da ce ɗin nan duka, na san inda kowanne ke shiga.

Amma Gurgu bari in gaya maka gaskiya, namu da naka sun yi kama amma ba ɗaya ba ne. Kai ka rubuta naka da jan fenti a bakin titi kuma ciniki ya ƙaru. Ni in na rubuta nawa a allo kafin la'asar an farfasa min tukwane. Tun da aka sa hannu a dokar hana auren jinsi a Janairun 2014, mai ɗaurin shekara 14, abin ya canza mana ko a nan Legas ɗin da muka gudo don a ƙyale mu, dokar maganar aure da ƙungiyoyi take amma a titi duk namijin da ya karya murya an gama yanke masa hukunci, kowane ɗan iska ya samu abin tsorata ka ya karɓe maka cinikin yini. A 2022 har ƙudurin hana maza sa kayan mata aka kai majalisar wakilai. Da aka yi wa Bobrisky ɗaurin wata 6 a 2024 a kan liƙi da naira ne, abin da ake yi a kowane biki a garin nan, amma ku tuna abin da mutane suka yini suna tattaunawa a Facebook, ba naira ba ce, wane kurkuku za a kai, na maza ko na mata. To wannan mai kuɗi da suna kenan, ina ga mai tuwo.

Shi ya sa fushinmu ba ya fita irin naka da makirfo, kai ka fusata an tafa maka, mu in mun fusata sai dai mu mai da shi habaici da shewa da tafa hannu, mutum ya zage ka ka jefa masa magana sai ya je gida ya kwanta sannan ya gane me aka ce masa. Dariyar da mai tuwonka ya yi ka ɗauka nishaɗi ne, ni na san me ke ƙarƙashinta. Wanda ya tofar da yawu da rana in ya gan mu shi ne zai aiko yaro da kwano da daddare, in zai aurar da 'yarsa kuma mu zai nema mu dafa wa ɗaruruwan mutane ta ƙofar baya.

Sannan ko a cikinmu ba kowa ke karɓar sunan ba. Akwai yarinyar da ke taya ni wanke-wanke, namiji aka haife ta, daga gida aka koro ta, in kace mata ɗan daudu sai ta yini ba ta ci abinci ba, tace ita ba namiji ba ce mai kwaikwayon mata, ita mace ce, ko masu sauya jinsi ɗin da rediyo ke faɗa ba ta so don tace ba abin da ta sauya. Yaran yanzu da wayoyinsu suna da kalmomin da ni ban iya ba kuma ban gane duka ba, wani lokaci har faɗa muke tace min na tsufa da tsoro. Amma sunan da tace in kira ta da shi da shi nake kiranta, ba ya rage min ko tsinken tsire.

Malama_Mai_Sanda:

Salam. Wayata ce ke karanto min maganganunku, da muryar Baturiya take karanta Hausa, in kun ji yadda take faɗin "gurgu" sai kun yi dariya, don haka in na tsallake wani abu a yi haƙuri. Ni makauniya ce, a Gindiri na yi makarantar makafi, yanzu ina koyarwa a nan Legas.

Ƙanina ba ka yi laifi ba ko kaɗan, dattijon da ya ce ka yi sanyi ma ban ga laifinsa ba, zamaninsu an koya musu cewa abincinsu a hannun masu tausayi yake. Amma a sani ba alfarma ake mana ba. Jihar Legas tana da dokarta ta nakasassu tun 2011, ita ta haifar da LASODA, ofishin kula da harkokin nakasassu. Ta tarayya kuma Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019, ta hana nuna mana wariya, mutum ɗaya tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, kamfani naira miliyan 1, ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara yadda mai keke da mai sanda zai shiga, wa'adin ya cika tun farkon 2024. To ku da kuke da ido ku ƙirga min gadojin tsallaka titi nawa ne mai keke zai iya hawa shi kaɗai daga Oshodi zuwa Ikorodu. Canza suna ba ya cin ko kwabo, zuba kankare a yi gangara a ƙofa kuwa kuɗi ne, shi ya sa aka fi zafi a kan na farkon.

Abin da ka gani a intanet gaskiya ne kuma da fushi aka yi shi ba da murmushi ba. A Amurka a watan Maris na 1990 guragu suka sauka daga kekunansu suka ja jiki suka hau matakalar ginin majalisar dokoki a Washinton gaban 'yan jarida, cikin 'yan watanni aka sa hannu a dokarsu. Irin waɗannan ne suka ɗauki kalmar da ake zagin gurgu da ita a Turanci suka gajarta ta suka mai da ita tasu, kuma a shekarar ne wasu masu fafutukar jinsi a Niyok suka yi haka da tasu kalmar zagin. Amma ko a can ƙa'idar ita ce na ciki ke faɗa, na waje ya tambaya tukuna, kuma akwai tsofaffinsu da har yau ba sa son jin ta don da ita aka dake su. Kenan Maman Idi-Araba ma tana da gaskiyarta.

Ni abin da ya fi ƙona min rai ba makauniya ba ce, ni makauniya ce mana, ido ne ba ni da shi. Yadda ake aron sunanmu a liƙa wa duk abin banza shi ne matsalar, gurguwar shawara, gurguwar fahimta, makauniyar biyayya, an gurgunta tattalin arziki, makaho ya rasa ido ya ce ido na wari. Mai gyara maka baki a taro da ta fita za ta ce wane ya kawo gurguwar shawara ba ta ji komai ba. Alhali a wasannin Olamfik da na nakasassu da aka yi a Riyo a 2016 'yan wasan Najeriya masu lafiya tagulla ɗaya suka kawo, nakasassu suka kawo zinare 8. Ƙwallon da guragu ke bugawa da hannu a kan katako mai taya ma ɗan Kano ne Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro ta, shi ma shan inna ce ta taɓa shi. Ita kanta kalmar nakasassu in ka tsaya ka saurare ta ai ta fi gurgu muni, abin da ya lalace kenan, amma ita ce a takardun gwamnati muna amfani da ita don dole.

Mai_Tukunya, na ji maganarka har ƙarshe. Ba a komai za mu haɗu ba, kuma a ƙungiyoyinmu in na kawo sunanku za a tashi a bar ni, amma abin nan na a yi magana a kanka kana zaune ba a tambaye ka ba, na san shi sarai. In na je asibiti da ƙanwata ita likita ke tambaya me ke damuna.

Aboki_Obalende:

Mai Tukunya ni banyi niyyar cin fuska ba, har yanzu ina kan bakata amma naji abinda kace na haya, wannan kam zalunci ne ni kaina an taba min saboda ni aboki ne

Gurgun_Agege:

Na gode kowa, ban zaci za a ba ni amsa haka ba. Allah gafarta Malam wannan A'araj ɗin ban taɓa sanin ma'anarsa ba duk da ina jin sa a karatu, yau sai na gaya wa uwargida. Yaya Malama don Allah ki turo min lambar sashen da ya yi maganar gine-gine, ina so in buga shi a takarda in riƙa yawo da shi a aljihun keke. Hajiya ta Idi-Araba maganarki ta tsaya min, amma ban yarda in na goge allo matan gidanku za su daina ba, su ba allona suka karanta ba. Sai dai a turo min yarinyar da babanta wata Asabar in nuna mata yadda ake canza gilashin waya, aikin nan ba ya buƙatar kunne.

Akwai dai waɗanda duk muka tsallake, kutare. A gidan nakasassu na Okobaba da ke Ebute Metta akwai sarkin makafi da na guragu da na kutare kowa da jama'arsa, kuma ni shaida ne mu kanmu guragu ba ma son cin abinci kwano ɗaya da su, alhali cutar tana da magani, kyauta ake bayarwa, wanda ya sha ya warke ba ya sa wa kowa, yatsun da suka riga suka tafi ne kawai ba sa dawowa. Muna ta kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano muna dariya, ban taɓa jin ɗayansu ya kira kansa kuturu da irin muryar da nake kiran kaina gurgu ba, sarkinsu kuma da sunan aka naɗa shi. Akwai mai zuwa Ebute Metta ranar Juma'a ya zauna da su ya tambayo mana wanne suke so? Ni Juma'a shago cika yake ba na iya motsawa.